Ƙaura, Shinkafi, Zurmi: Inda Gaisuwa Ke Farawa Da "Ya Hanya?"

A wannan watan ina so ki ɗan ajiye ludayi da tsintsiya, ki yafa mayafinki ki biyo ni, domin tafiya za mu yi. Amma kafin mu tashi bari in yi maki tambaya, ki ba kanki amsa tsakaninki da Allah. Idan kina tankaɗe ko kina shirya yara makaranta, rediyo na gefe, sai kika ji mai karanta labarai ya ambaci Zurmi ko Shinkafi ko Ƙauran Namoda, me ke fara faɗo maki a rai? Na san amsar, domin ni ma haka nake. Kafin ya kai aya kin riga kin yi salati, kina jiran ki ji mutum nawa ne yau. Fiye da shekara 10 ke nan sunayen nan uku ba a cika jin su ba sai da adadi a bayansu.

To, ni dangin mahaifiyata can suke. A watan Nuwamba na 2024 aka bugo mini waya da asuba cewa yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna, Allah ya yi mata rasuwa a Ƙaura. Ita ta yaye ni. Da na shaida wa maigida sai ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba, can ya ce, "Ki je, Allah ya tsare. Amma kada ki yarda rana ta faɗi kina kan hanya." Wannan sharaɗin nasa, da na isa sai na tarar shi ne dokar kowa da kowa a ƙasar.

Bari in fara shimfiɗa maki ƙasar tukuna, don kada in riƙa ambaton garuruwa kina bin iska. Idan kika bar Gusau kika fuskanci arewa, kin shiga yankin da ake kira Zamfara ta Arewa, ƙananan hukumomi huɗu masu sanata ɗaya: Ƙauran Namoda, Birnin Magaji, Zurmi da Shinkafi. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da dubu 280 a ƙaramar hukumar Ƙaura, sama da dubu 290 a Zurmi, Shinkafi kuwa wajen dubu 135. Faɗin ƙasar Zurmi ya fi na Ƙaura da Shinkafi in an haɗa su, ta yi iyaka da jihar Katsina ta gabas. Shinkafi kuma tana jingine da Isa ta jihar Sakkwato. Da duk jiha ɗaya suke, sai ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, Isa ta zauna can, Shinkafi ta faɗo nan. A takarda ne kawai aka rabu. Har gobe auren junansu suke yi, kasuwar juna suke ci.

Ba ƙasar manyan tsaunuka ba ce irin ta Jos. Tudu ne da gangare, jigawa da fadama, sai can ki hangi dutse ya tashi shi kaɗai a tsakiyar gonaki kamar an kife ƙwarya, a gindinsa ga ɗan ƙauye da rumbunansa na laka, ga kuka, ga tsamiya, ga gawo. Gulabe biyu ne suka ratsa ta, Gagare wanda ya bi ta Ƙaura, da Bunsuru wanda ya bi ta ƙasar Zurmi, dukansu suna gangarawa arewa su zuba a gulbin Rima. Da rani sai ki ga yashi fari fat har yara na wasa a ciki, da damina kuwa su cika su batse. Su ne suka yi fadamun da ake noma shinkafa da albasa da dankali da rake.

Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne, babu wani babban birni a wannan yanki. Ƙananan garuruwa ne birjik, kowanne da hakiminsa ko dagacinsa, wani ma da sarkin yanka, kamar Moriki wadda take cikin ƙaramar hukumar Zurmi amma da masarautarta. Kurya Madaro, Kasuwar Daji, Yankaba, Dauran, Kwashabawa, Badarawa, Jangeru, Galadi, kowanne gari ne mai ji da kansa. Amma babu ɗayansu da ya ishi kansa. Wannan ke da kasuwa, wancan ke da asibiti, wancan ke da makarantar kwana, wancan kuma can aka kai ɗiyarki aure. Irin wannan ƙasa hanya ce ke riƙe da ita, kamar yadda zare ke riƙe da tsakiya. Kuma hanyar ce aka taɓa.

Daga Gusau zuwa Ƙaura tafiyar kamar awa ɗaya ce. Mun tashi da hantsi, don direbobi ba su son sammako, ba su kuma son yamma. Sun fi son sai motocin farko sun wuce an ji labarinsu. Kaka ce, an yanke gero an jingine, dawa ta sunkuyar da kai, mata da yara na roron wake. Wallahi uwargida, in ba don shingayen sojoji da na Askarawan Zamfara da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a farkon 2024 ba, sai ki rantse babu ƙasar da ta kai wannan kwanciyar hankali. Sai dai cikin motar ba mai hira. Kowa bakinsa na motsi. Wata tsohuwa kusa da ni tun daga tasha take jan carbi, ba ta sake shi ba sai da muka hangi gidajen Ƙaura, sannan ta dube ni ta yi murmushi ta ce, "To ɗiyata, yanzu mu gaisa."

Ƙaura gari ne da jirgin ƙasa ya raya. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso nan, kuma nan ya tsaya, bai ƙara gaba ba. Saboda haka duk gyaɗa da auduga da fatu na wannan yanki, har da na ƙetaren iyaka, nan ake tara su a loda sai bakin teku. Shi ya sa za ki tarar da zuriyar Yarbawa da Ibo da Nufawa waɗanda kakanninsu jirgi ya kawo, suna Zamfarci fiye da ni. Inna ta sha ba mu labarin yadda suke talla a tasha suna 'yan mata, in jirgi ya yi kuka gari duk sai ya ruɗe. Na je na ga tashar. Ƙarfen dogon na nan, awaki na kiwo a tsakaninsa.

Amma garin ya girmi jirgi. Sunansa ya samo asali daga Muhammadu Namoda, Bafulatanin Alibawa ɗan gidan sarautar Zurmi, ɗaya daga cikin jarumawan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Yana cikin waɗanda suka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808, kuma a fagen fama ya rasu a Kiyawa a 1810. Har yau sarautar garin Sarkin Kiyawa ake ce mata. A nan Ƙaura ne kuma Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba ya rasu a 1891. Ta fuskar boko, akwai babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwamnatin Tarayya da aka kafa a 1983, wadda ta yaye 'ya'yan mutane daga ko'ina a Nijeriya. Ƙila ma maigidanki ko ƙaninki can ya yi.

Da na shiga gidan makoki, abin da na fara lura da shi gaisuwa ce. A wurinmu in baƙo ya zo ta'aziyya, "ya haƙuri" ake fara yi. A nan kuwa duk wadda ta shigo, kafin ta zauna sai a ce mata, "Ya hanya?" Kuma ba gaisuwar baki ba ce, amsa ake jira. Ta ina kunka biyo? Kun iske motoci na tahowa? An ce jiya an tare wajen kaza, gaskiya ne? Sai ta gama bayani sannan a koma kan mamaciya. Na kuma lura da waɗanda ba su zo ba. Inna mace ce mai jama'a, a da in irin wannan ta faru sai an rasa wurin shimfiɗa tabarma, motoci daga Zurmi, daga Moriki, daga Birnin Magaji. Wannan karon 'yarta ta cikinta da ke aure a wani ƙauye bayan Zurmi ba ta sami zuwa ba sai ranar addu'ar uku, ita ma a bayan babur, ta zagayo ta wata hanya. Ba wanda ya ga laifinta. Ki auna wannan a ranki, uwarki ta rasu tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, a rufe ta ba ki gani ba.

Kada ki ɗauka kuka kaɗai muka sha. Mutanen nan akwai barkwanci, ga karamci. Ba su bar ni na huta da ci ba: tuwon dawa miyar kuka da man shanu, fura da nono mai kauri wadda ludayi ke tsayawa a ciki, da hoce, wainar dawar nan tasu da ake gasawa, wadda in kika haɗa ta da ƙuli da ɗan yaji sai kin manta da burodi. Suna ta yi mini dariya wai na zama Bakanuwa, ina cewa "muka" maimakon "munka", ina "lafiya" maimakon "lahiya".

A ɗakin da aka sauke ni na tarar da wasu mata uku da 'ya'yansu, na ɗauka 'yan zaman makoki ne. Ashe sun fi shekara a gidan. Daga wani ƙauye na ƙasar Zurmi suka gudo, Inna ta ba su ɗaki, ba dangin iya ba na baba. Haka abin yake a Ƙaura da Shinkafi da cikin garin Zurmi, mafi yawan waɗanda suka baro ƙauyukansu ba a sansani suke ba, suna cikin gidajen mutane ne, da kangaye, da gine-ginen da ba a ƙarasa ba. Shi ya sa baƙo zai iya ratsa gari bai gan su ba.

Ta wurin matan nan ne na ga Zurmi a wannan tafiyar, domin da na ce zan leƙa, kawuna cewa ya yi in dai shi ne babba a gidan, ban zuwa. Rabona da Zurmi tun 2008 da muka kai amarya. A lokacin da la'asar sakaliya muka tashi daga Ƙaura, muka bi ta Dauran muna waƙa muna guɗa, muka dawo bayan isha'i, ba abin da muke tsoro sai ramin hanya. Hanyar nan ita ce ke wucewa har Jibiya ta jihar Katsina, kuma tsohuwar hanya ce ƙwarai. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon duniya, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ta Zurmi da Badarawa ya bi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato. Abin da zai ba ki mamaki, shi ma sai da ya shiga ayarin wani babban bafaden Sarkin Musulmi, saboda tsoron harin Gobirawa. Ashe ƙasar ta taɓa ganin zamanin da ba a tafiya sai cikin ayari, kuma ya wuce.

A ƙasar Zurmi ne Dutsi yake, inda tarihin baka ya ce nan Zamfarawa suka fara kafa sarautarsu tun kafin a gina Birnin Zamfara. Kuma tunda filin mata ne, bari in gaya maki cewa cikin jerin sarakunan Zamfara na dauri akwai mace, 'Yargoje, wadda har yau ake ba da labarin mulkinta da fitilarta. Muna ta ambaton Amina ta Zazzau da Daurama, ita kuwa wannan ba a cika sanya ta a littafin 'yan makaranta ba. Zurmi ce kuma ta ba mu Kassu Zurmi, mawaƙin mazan nan da iyayenmu mata ba su so a kunna shi a tsakar gida.

Babbar cikin matan uku, wadda zan kira Gwaggo don haka kowa ke ce mata, ita ta zaunar da ni ta warware mini yadda ƙauye ke mutuwa. Ta ce ba rana ɗaya ba ne. Da fari shanun noma ake korewa, sai maza su koma noma da hannu. Sannan a aiko cewa ba mai shiga gona sai an biya kuɗi, gari ya haɗa a kai. In amfani ya nuna, a sake aiko da na girbi. Daga nan sai malamin makaranta ya daina zuwa, ma'aikacin asibiti ya daina zuwa, mai motar da ke zuwa ranar kasuwa shi ma ya daina. "Ranar da mota ta bar zuwa," in ji ta, "ran nan munka san an yashe mu." Mace na naƙuda sai dai a ɗora ta a amalanke ko babur, in dare ne kuwa sai a jira safiya, abin da Allah ya yi shi ke nan. Su ba su tashi ba sai da aka shigo garin da dare sau biyu.

Ta buɗe ƙullin zanenta ta nuna mini abu biyu. Makullin ɗakinta, da wani ɗan ƙunshin leda na irin gero. Ta ce irin gidansu ne tun na kakan mijinta, mai saurin nuna, ba ta yarda da na kasuwa ba. Damina ɗaya ta riga ta wuce bai shiga ƙasa ba, tana tsoron kada ya mutu a hannunta. Na rasa abin da zan ce mata. Ni da nake ta tunanin kayan ɗaki da na gado, ban taɓa kawo wa raina cewa abin da mace za ta fara ɗauka in tana gudu iri ne ba.

Shinkafi kuwa na je, don ranar Alhamis ta zagayo ina can, kuma Alhamis ce ranar kasuwarta. Matar kawuna na da kayan da za ta saro, motoci kuma sun fi yawa ran nan, ana tafiya a jere. Hanyar ta bi ta Moriki. Da muka zo wucewa sai wata ta nuna mini wajen makarantar 'yan mata ta gwamnati, inda a watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka shiga da dare. Allah ya tsare ɗaliban, amma an tafi da masu dafa masu abinci. Ke da kike da 'ya a makarantar kwana, kin san abin da irin wannan labari ke yi wa zuciyar uwa, kin kuma san 'yan mata nawa ne iyayensu za su ce a dawo gida haka nan, karatun ya isa.

Kasuwar Shinkafi, uwargida, sai wanda ya gani. Ko a yanzu da kowa ke cewa ba ta kai rabin da ba, sai da na riƙe hannun matar kawuna kamar yarinya. Kasuwa ce da ta yi suna tun da daɗewa wajen dabbobi da hatsi, mutanen Nijar na sauko da raƙuma da shanu da tumaki, 'yan kudu na zuwa da manyan motoci su loda. Ga layin masu gero da dawa da wake, ga masu albasa, ga kanwa da gishiri da dabino daga arewa, ga tabarmi da faifai da igiya, ga 'yan koli. Na sayi daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa a farashin da in na faɗa maki sai ki ce ƙarya nake. Na sayi shinkafar gida, don ba a zuwa Shinkafi a koma ba shinkafa. Sai dai tun azahar na ga mutane sun fara ɗaure kaya. Kasuwar da a da ake ci har a kunna fitila, yanzu kafin la'asar ta fara watsewa, kowa na son ya kai gida da rana.

'Yan kasuwar har yau suna maganar 2021. A watan Satumba na shekarar, gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako na jihar, aka kuma katse layukan waya, da niyyar a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun abinci da mai da labari. An yi watanni a haka. Ni kaina a lokacin sai da Inna ta aiko mini da wasiƙa ta hannun direba, abin da rabona da gani tun ina makarantar kwana. Niyyar mai kyau ce, ban musa ba. Amma a ganina duk wanda zai rufe kasuwar ƙauye ya kamata ya fara zama da matan da ke cikin kulle, ya tambaye su da me suke ci. Mai ƙuli da man gyaɗa, mai daddawa, mai saƙar faifai, mai kiwon 'yar akuya don sallah, duk ba su fita, amma ranar Alhamis ce ke juya jarinsu. Kasuwa ta tsaya mako huɗu, uwar gida ta cinye jari.

Ƙasar Shinkafi ma ba baya ba ce a tarihi. A Katuru ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Shehu, ya rasu a 1842, shi ya sa ake ce masa Mai Katuru. Tubali kuma ita ce garin Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda har yau malaman jami'a ke rubuta littattafai a kan Hausarsa. Marigayi Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, da tsohon gwamna Mahmud Aliyu Shinkafi wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2011, duk 'yan ƙasar ne.

Kafin mu juyo mun biya babban asibitin garin duba jikar wata maƙwabciyar kawuna. A nan ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Ɗakin yara masu tamowa cike yake, uwa kowace da ɗanta a cinya, yaro ɗan shekara biyu kamar ɗan wata shida, gashi ya yi ja ya kwanta, wani ƙafafu sun kumbura, ba ya ko iya kuka da ƙarfi. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF na aiki a nan da kuma Zurmi. A watan Yuni na 2024, ita da ma'aikatar lafiya ta jihar sun auna yara 'yan ƙasa da shekara 5 su sama da dubu 97 a ƙananan hukumomin biyu, suka tarar kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa, wato fiye da yaro ɗaya cikin kowane huɗu. A ƙasar da na baro buhunan gero jibge a kasuwa, tafiyar minti kaɗan.

Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mini ɗan ma'aunin da suke naɗa wa yaro a damtse, mai launi uku. Kore lafiya, rawaya a yi hattara, ja kuwa a fara magani nan take. Ta ce abin da ya fi ba su wahala shi ne ba a kawo yaro da wuri. Wata ta ɗauka ciwon haƙori ne ko shan-inna ko maita, a yi ta jiƙe-jiƙe. Wata kuma ta gane sarai, amma tana ƙauyen da mota ba ta zuwa, ko babu kuɗin babur, ko ana tsoron hanya, sai yaro ya kai gargara. Alhali in an zo da wuri, abincin nan na leda mai kama da tunkuza da ake ba su kyauta, cikin 'yan makonni sai ki ga yaro ya murmure yana wasa. Na faɗa maki wannan ne don ba a Shinkafi kaɗai tamowa take ba. Ki duba yaran maƙwabta, musamman wanda aka yaye da wuri saboda uwar ta sami ciki, ko wanda ya tashi daga ƙyanda ko gudawa. In kin ga yana ramewa, ko ƙafa na kumbura, ki matsa a kai shi asibiti, kada ki ji kunyar a ce kin yi shisshigi.

Idan kuma kina da 'yan'uwa a wannan yanki, ko an kai wata taku aure can, ga abin da na koyo. Kada ki tashi sai kin tambayi mutanen gari, su suka san ranar da hanya ke da kyau da sa'ar da ake bi, kuma in suka ce ki dakata, ki dakata. In ba ki iya zuwa, ki buga waya, ki yawaita. Abin da na ji suna kuka da shi ba rashin aike ba ne. Wata 'yar ƙanwar Inna ta ce mini, "Yaya, ku na birni kun ɗauke mu kamar mun riga mun mutu. Sai an yi hari a kira mu a ji ko muna ciki." Maganar ta soke ni, don gaskiya ta faɗa. Ni kaina rabon da in kira ta haka kawai mu yi hirar yara da tsadar omo, na manta. Suna bukukuwansu, suna sunayensu, 'yan mata na kitso da lalle, ana saukar Alƙur'ani, ana gardamar siyasa a bakin masallaci. Suna so a tambaye su wannan ma.

Na kwana tara. Ranar da zan taho, da hantsi kamar yadda aka saba, Gwaggo ta biyo ni har zaure da wani ƙunshi a hannu, daddawa ce da ta yi da kanta, wadda take sayarwa ta sami na sabulu. Na ciro kuɗi, ta ɓata rai ta ce in mayar, ai ba a sayar wa ɗiyar Inna. Na tambaye ta ko za ta ba ni kaɗan daga irin geron nan in sa a shuka mata a gonar maigida, don kada ya lalace. Ta yi shiru tana dubana, sannan ta kwance ledar ta ɗebo cikin tafin hannu ɗaya ta zuba mini a gefen mayafi, ta ƙulle sauran. Ta ce wannan na gida ne, baɗi in Allah ya so da hannunta za ta shuka shi.

Muna shiga tashar Gusau wayata ta yi ƙara, lambar kawuna ce, amma muryar Gwaggo na ji. "Kun isa? Ya hanya?" Na ce lahiya lau, Gwaggo. Na ji ta juya tana faɗa wa mutanen gida, "Sun isa." Sannan ta ce in gaida maigida da yara, kuma kada in shuka geron nan sai ruwa ya zauna sosai, don shi ba ya son shukar fari.